Bimbinin Safiya: Tsofaffin Kaya a Bakin Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kwantar da mu lafiya ya tashe mu lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Kafin ka naɗe buzu, kafin hayaniyar gari ta shigo maka zaure, mu ɗan zauna mu yi bimbini a kan wani abu da kullum muke giftawa ta gabansa ba mu waiwaye shi: tsofaffin kayan mutanen da suka riga mu, waɗanda ke zube a bakin hanya, a rumfunan kasuwa, da ƙarƙashin gadajen iyayenmu mata.

A Amurka akwai wata tsohuwar hanya da ake kira Route 66. An buɗe ta a 1926, ta taso daga Shikago ta miƙe yamma har bakin teku a Kalifoniya, tafiyar fiye da kilomita 3,900. Da aka shimfiɗa manyan tituna na zamani sai motoci suka ƙaurace mata, a 1985 kuma aka cire ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasar. Garuruwan da ke cin abinci daga gare ta suka shiga ƙunci. Wasunsu sai suka tattaro abin da ya rage musu, tsofaffin famfunan mai, allunan talla, kujerun gidajen abinci da motocin kakanni, suka jera a ɗakuna a gefen titi domin matafiyi ya tsaya ya gani. A garin Clinton na jihar Oklahoma akwai gidan tarihi sukutum na wannan hanya. Kusa da Amarillo a Texas, tun 1974 aka kafe motoci goma ƙirar Cadillac a fili, goshinsu cikin ƙasa, bayansu a sama. Can a wani ƙaramin gari mai suna La Crosse a jihar Kansas kuwa, gidan tarihinsu na wayar shinge mai ƙaya ne. Mutum zai taso daga uwa duniya da iyalinsa domin ya ga irin waɗannan wurare, ya ɗauki hoto, ya tuna da ƙuruciyarsa.

Ban raina wannan ɗabi'a ba, ina ma yaba ta. Al'ummar da ta keɓe ɗaki domin wayar shinge ta yarda cewa manomi da makiyayi ma suna da tarihi, ba sarki kaɗai ba. Sai dai abin da ke jan yawancin masu zuwa can shi ne kewar zamanin da ya wuce, mumini kuwa an nemi fiye da kewa daga gare shi. Alƙur'ani mai girma ya maimaita kira a wurare da dama cewa mutum ya taka ƙasa, ya lura da abin da na farko suka bari, ya yi wa kansa hisabi. Tafiya da buɗaɗɗen ido ibada ce idan an yi niyya.

To mu fa? Wanda ya taso daga Gusau ya bi ta Bunguɗu da Maru da Mayanci ya iso Talata Mafara, ya wuce Lambar Bakura ya nufi Tureta da Sakkwato, ba zai riƙa cin karo da allunan da ke kiransa ya shigo ya ga kayan da ba. Gidajen tarihinmu masu suna suna manyan garuruwa: na Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Makama a Kano, gidan tarihin Kanta a Argungu wanda tsohuwar fada ce da aka gina a 1831 aka mayar da ita wurin adana kayan tarihi a 1958. Amma rashin allo bai sa hanyar ta zama wofi ba. Kayan suna nan, mai jera su ne babu.

Shiga kasuwar Mafara ranar Talata, ka ratsa masu hatsi da masu awaki, ka nemi gefen da masu tsofaffin kaya ke baza tabarmi. Za ka ga fitilar ƙwai da gilashinta ya fashe, da dutsen guga mai cin gawayi, da akwatin ƙarfe irin wanda ake kai amarya da shi. Za ka ga kwalla da samira da fanteka, waɗanda a da mace ke jera su tun daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki, ana auna gatanta da tsawon jerenta. A wurin mai gyaran keke wataƙila ka tarar da tsohon Rale an jingine shi, sirdi ya tsage amma ƙarfen bai lanƙwashe ba. Idan ka yi sa'a wani dattijo zai kwance bakin zaninsa ko ya zazzage burgami ya nuna maka kwabo mai huji da anini da sule, kuɗin da aka yi ciniki da su kafin naira ta shigo a farkon 1973. A kan waɗannan ƙarafa an yi rantsuwa, an yi shari'a, an ɓata zumunci, an ɗaura aure. Yau yaro ba zai ba ka ƙwayar gyaɗa ɗaya a kansu ba.

A wata rumfar gyaran rediyo na taɓa ganin wani tsohon akwatin rediyo a saman kanta, an lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta, alhali sauran kayan duk ƙura ta rufe su. Na gaishe da mai rumfar, dattijo ne mai furfura, na ce, "Baba, wannan nawa za a bar mini?"

Ya girgiza kai. "A'a, ɗana, wanga ba na saidawa ba na. Na tsohona na, Allah shi jiƙan shi. Da shi munka ji rasuwar Sardauna. Duk sa'ad da nit taɓa shi sai in yi mai addu'a."

Rediyon ba ya magana, kuma ba zai sake yi ba. Amma tun daga watan Janairun 1966 da ya kawo wancan mummunan labari har zuwa ranar da na gan shi, bai daina aiki a gidan ba, aikinsa ne ya sauya. Ya koma mai tunatar da ɗa haƙƙin mahaifinsa. A ganina wannan dattijo ya fahimci abin da ake nema daga tsohon kaya fiye da mai tara su don ado. Kayan bai tsayar da shi a kan kansa ba, ya miƙa shi ga Allah, ya miƙa shi ga mamaci da ke buƙatar addu'a.

Muna da abin koyi a kan haka daga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, cikin waɗanda aka kama akwai Abul Asi, mijin 'yarsa Nana Zainab. Ita tana Makka a lokacin, sai ta aiko da fansar mijinta, a ciki har da wata sarƙar wuya da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Da Annabi ya ga sarƙar sai ya gane ta, tausayi mai tsanani ya kama shi. Ya nemi yardar sahabbai, in sun ga dama, a saki fursunan a kuma mayar wa Zainab da kayanta, suka amince. Dubi inda tunawa ta kai shi. Ba ta tsaya a ƙunar zuciya ba, ta zama rahama ga wani mai rai da ke cikin ɗauri. Haka kuma Nana A'isha ta adana wani mayafi mai kauri da wani zani, ta fito da su ta nuna wa mutane cewa a cikinsu Annabi ya cika. Wanda ya ga tufafin nan da idonsa ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan gudun duniya.

Sai dai akwai wani tarko a cikin son kayan da, kuma yawancinmu mun faɗa shi ba mu sani ba. Shi ne mutum ya kalli fitilar ƙwai ya ce ai zamanin da babu abin da ya kai shi daɗi, mutanen da duk salihai ne, na yanzu duk sun lalace. Wannan magana tana da zaƙi a baki amma tana haifar da abu biyu marasa kyau: butulce wa ni'imar da Allah ya yi mana yau, da kuma binne zaluncin da aka yi jiya. Iyayenmu da suka yi jeren samira su ne kuma suka binne 'ya'ya saboda ƙyanda da agana. Wanda ya hau Rale zuwa Gusau bai ƙi mota ba, samu ne bai yi ba.

Babu inda wannan gaskiya ta fi fitowa fili a yankinmu kamar madatsar ruwa ta Bakolori. Ka bi hanyar da ta nufi Maradun ka tsaya a bakin madatsar, ko ka zaga gonakin da ke tsakanin Mafara da Bakura, za ka ga wurin ajiyar tarihi mafi girma da muke da shi, ba ƙofa ba mai gadi. An fara aikin a 1974, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala shi a 1978. An tare Gulbin Sakkwato, aka yi tafkin da zai riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, da niyyar shayar da kadada 23,000. Aka haƙa magudanai, aka kafa injuna, aka shimfiɗa bututun da za su riƙa fesa ruwa sama ya sauko wa shuka. A lokacin ana ganin an kawo ƙarshen yunwa. Shekaru ba su yi nisa ba yawancin injunan fesawar suka tsaya, bututu suka zama abin da tsatsa ke ci, wasu aka kwashe. Kuɗin man fetur ne na wancan zamani, da ilimin injiniyoyi na ƙarshe, ga abin da rana da ƙura da sakaci suka yi musu.

Ƙarƙashin ruwan nan kuma akwai gidaje da gonaki da maƙabartu. An tashi mutane daga inda aka binne cibiyarsu. Manoma da yawa suka ga an share gonakinsu, an sare itatuwansu, damina ta zo ta wuce ba su shuka ba, diyya kuma shiru. Waɗanda ke ƙasan gulbi, masu noman fadama da masu su, suka ga ambaliyar da ke ciyar da su ta ragu. Da haƙuri ya ƙare manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Birnin Tudu na cikin garuruwan da suka fi ɗanɗana wannan masifa. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ƙirga ɗaruruwa. Duk wanda zai yi kewar shekarun arzikin nan, ya haɗa da waɗannan bayin Allah a cikin tunaninsa, ya yi musu addu'a. Ba na faɗin haka don a tsine wa madatsar. Dubban gidaje na cin shinkafa da dankali da albasa da tumatir daga ruwanta a yau, an kuma yi aikin gyaran magudanan da tallafin Bankin Duniya. Ni'ima ce, a gode wa Allah a kanta. Amma ni'ima ce da jinin talakawa ya zuba a gindinta, kuma Ubangijin da ya ga ranar bai manta ba ko da littattafan makaranta sun yi shiru. Mai riƙe da wani iko a yau, ko na unguwa ne, ko na ofis, ko na rabon ruwa a magudana, ya tsaya a nan ya ji tsoron Allah.

Wannan ne ya sa ba kowane kufai ake shiga da dariya ba. A hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi da rundunarsa sun ratsa ta Hijir, inda mutanen Annabi Salihu suka sassaƙa gidaje a jikin duwatsu. Bai bar sahabbai su mayar da wurin abin shaƙatawa ba. Ya gargaɗe su kada su shiga sai da kuka da tsoron abin da ya sami mutanen, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya fita kwarin. Gidajen suna nan har gobe a ƙasar Saudiyya, sassaƙar ba ta goge ba. Abin da aka nema daga mai wucewa shi ne zuciyarsa ta motsa.

Akwai kuma wuraren da babu abin da ya rage na gani a cikinsu, amma sun fi kowane ɗakin ajiya cika. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru, ta ƙasar Maradun. A wannan zamani ne, wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi dukiyar ba. A maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsawa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Yau babu mai iya nuna maka ko zare ɗaya daga kyautar da aka raba a ranar, amma roƙon nan biyar yara na karanta shi a makaranta. Biyu daga ciki ma ba na malamai ba ne, na ɗaurarre ne da na talaka. Idan mota ta bi da kai ta wannan yanki, ka tuna ƙafar wane ne ta taka ƙasar, ka tambayi kanka me kake roƙa idan ka sami shiga wurin mai iko.

Ko muryoyi ma sun zama kayan tarihi. A tasha ko a shagon mai shayi za ka ji an saki Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda duniya ta sani da Maradun, ko Sa'idu Faru, kotso na tashi. Da a faifan garmaho ne, ya koma kaset, yanzu yana cikin waya. Ko mene ne ra'ayin mutum game da kiɗa, akwai abin lura a nan. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991. Yawancin sarakuna da attajiran da ake ambata a waƙoƙin, da 'yan amshin da ke karɓawa, duk suna ƙarƙashin ƙasa, kowa da abin da ya shuka. Sarautar tana nan, masu ita ne suka sauya. Garuruwa uku na yankin nan ma kowannensu ya fitar da gwamna tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, Bakura a 1999, Mafara a 2011, Maradun a 2019, kuma kowanne ya yi wa'adinsa kujera ta koma hannun wani.

Na san mai karatu zai ce, wa ke zancen yawon buɗe ido a hanyoyinmu yanzu? Gaskiya ne. Mutum na fita da addu'a a baki, ba ya son la'asar ta same shi a daji, iyalinsa na riƙe da waya har sai ya ce ya sauka. Sace 'yan matan makarantar Jangebe da aka yi a watan Fabrairun 2021 bai bar zukatanmu ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Amma wannan hali shi ne ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Ƙauyen da aka tasa da dare, mai gudu yana ɗaukar yaro ne da abin da ya sawwaƙa. Gafakar kaka da Alƙur'anin da aka rubuta da hannu, allon da uba ya yi sauka da shi, masaƙa, akushi, takobin gado, duk a baya ake barinsu, wuta ta ci ko gara ta gama da su. Abin da ya tsira kuma 'yan gwangwan na bi gida gida suna sayen tasoshin tagulla a kan sikeli, yunwa na sa a sayar. Ba na zargin wanda ya sayar don ya ciyar da 'ya'yansa, rai ya fi tasa. Amma tsofaffin da suka san labarin kayan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, da yawansu a gidajen aro a cikin gari, nesa da inda aka haife su, ba mai tambayarsu komai.

Shi ya sa nake roƙon iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninsu, a fadar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun, da malamanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, su dubi wannan al'amari. Ba gini mai hawa ake buƙata ba. Ɗaki ɗaya mai rufin kirki ya isa a fara, inda za a ajiye kalmen manomi kusa da sulken barde, mazarin tsohuwa kusa da guntun bututun Bakolori, a rubuta sunan mai kayan da garinsa da abin da ya yi da shi. Ba don neman tubarraki da ƙarfe ko ƙyalle ba, wannan ba shi da gurbi a addininmu, mai amfanarwa da cutarwa Allah ne shi kaɗai. Don yaro ya gani ya san da guminsa wa aka rene shi, don babba ya gani ya tuna shi ma abin da ke hannunsa aro ne. Babur ɗin da za ka tayar an jima, da wayar da ke aljihunka, wata rana wani zai baza su a tabarma a kasuwar Talata, jikanka ya wuce bai san naka ba ne. Abin da zai bi ka shi ne inda ka je da babur ɗin da abin da ka faɗa a wayar.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, ba sai kun jira fada ko hukuma ba. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku ko a maƙwabta, kada azahar ta yi yau ba ku je kun durƙusa kun gaishe su ba. Ku ce, "Inna, wannan kwalla wa ya saya miki?" Ku ce, "Baba, ina garinmu yake kafin ruwa ya ci shi?" Ku saurara har su gama, ku rubuta sunayen da suka ambata, ku sa masu sunayen a addu'arku ta bayan salla. In kun ji akwai wani haƙƙi da ya rataya a wuyan mamacinku, bashi ko gona ko zumuncin da ya yanke, ku tashi ku sauke masa tun kuna da iko.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya gafarta wa waɗanda suka kwanta a Bakolori da waɗanda suka kwanta a dazuzzukanmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, ya amintar da hanyoyinmu. Wanda zai hau hanya yau ya yi addu'ar tafiya kafin mota ta tashi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, amin.